Masu Farautar Koriyar Fitila a Illela

Illela gari ne da bai saba da talla ba. Ran Lahadi kasuwa kan ci da kanta. Shanu da raƙuma da tumaki su gangaro daga Nijar, motoci su taso daga Sakkwato ta Kware da Gwadabawa, fatake su zo tun daga kudu, kuma ba a taɓa buga wa kowa takardar kwatancen kara ba. Rufe iyaka ne ya sauya wa mutane tunani, har sau biyu cikin shekara biyar. An rufe a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, Illela na cikin huɗun farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 aka ɗage. Wanda ya wuni a rumfa yana korar ƙuda dole ya fara tambayar kansa ko akwai mai saye a Legas ko Anaca da zai iya lalubo shi ta waya.

Ta wannan ƙofa samari masu kwamfuta suka shigo. Su buɗe wa shago gurbi a intanet da WordPress, sannan su maƙala masa wata 'yar manhaja wadda aka ce ita ke sa Google ya san da zamanka. Wadda ta fi suna ita ce Yoast, wadda wani mutumin Holand, Joost de Valk, ya fitar a 2010. Akwai Rank Math da wasunsu. Aikin irin wannan manhaja shi ne ta karanta abin da ka rubuta ta kunna maka fitila: ja in ba ta gamsu ba, ruwan goro in da dama-dama, kore in ta yaba. Wannan 'yar fitila ta fito mana da wasu ire-iren mutane da dā ba mu san muna da su ba.

Na gaba-gaba shi ne mayen kore. Yawanci matashi ne da ya gama karatu yana jiran aiki, kawunsa ya ba shi amanar tallar albasa. Saƙon kawu bai wuce kalma biyar ba: akwai albasa, ga lambar waya. Manhaja kuwa ta ce ba ta duban rubutun da bai kai kalma 300 ba. Sai yaro ya zauna ya kawo tarihin albasa tun daga asalinta, ya bi da amfaninta ga mai mura, ya gai da manoman Goronyo da na Gada, ya yi wa mahaifan mai karatu addu'a. Da ya cika 300 sai ta ce jimlolinsa sun yi tsawo, ita ba ta son mai wuce kalma 20. To Basakkwace ko gaisuwar safe bai gama ba a kalma 20. Ya daddatse, ta ce babu kalmomin haɗi. Abin da bai lura ba, an saita kayan aikin a Turanci, ga shi Hausa ba ta cikin harsunan da manhajar ta iya tantancewa, saboda haka duk Hausarsa kallon gurɓataccen Turanci take yi mata. Ƙarfe biyun dare za ka gan shi ya haɗa gumi, cajin waya na gab da ƙarewa, yana lallashin fitila. Ranar da ta yi kore sai ya ɗauki hotonta ya aika wa dangi. Google bai ga fitilar nan ba, ba ya ma ganinta. Tsakanin yaro da allon kwamfutarsa take, kuma ko masu manhajar ba su ce kore na nufin ka hau sama ba.

Ƙanensa a sana'a shi ne sarkin maimaici. An gaya masa Google kalma yake ƙirgawa, shi ke nan ya riƙe. Tallarsa kan fara: albasar Illela mai kyau, sayi albasar Illela, domin albasar Illela ita ce albasar Illela da ta fi kowace albasar Illela. In ya ga bai isa ba sai ya ƙara wata ɗari a ƙasa da farin rubutu bisa farin fili, wai mutum ba zai gani ba amma inji zai gani. Inji kuwa ya gani. Wannan dabara ta tsufa tun shi yana firamare. A 2006 Google ya tsame rukunin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakon bincike saboda irin wannan wayon ɓoye, sai da suka gyara aka mayar da su. A 2009 ya faɗa ƙarara cewa ba ya duban jerin kalmomin da ake cusawa a bayan fage, a 2012 kuma ya fito da tsarin da ake kira Penguin don kama masu maguɗi. In an iya nuna wa BMW ƙofa, ban ga ta inda mai buhu talatin a rumfar kwano zai tsira ba.

Sai Alhaji mai gaggawa, wanda ni dai ba na gajiya da kallonsa. Ya biya kuɗin aiki ran Alhamis da la'asar. Ana saukowa daga masallacin Juma'a ya zaro waya a aljihun babbar riga, ya gyara tabarau, ya rubuta Illela. Abin da ya fara cin karo da shi wata Illela ce daban, ta jihar Tawa a cikin Nijar, da bayani da Faransanci. Ya ce to bari ya gwada maƙwabciyarsu Ƙwanni ta Nijar, ya rubuta Konni, sai ga hotunan giwaye, don akwai wani gari mai wannan suna a jihar Kerala ta Indiya da ya yi fice wajen horar da su. Nan take ya kira yaro.

"Kai ɗan nan, mi ya haɗa ni da giwa? Raguna nika saidawa!"

"Ranka shi daɗe, Baba, abin na ɗaukar lokaci."

"Wane lokaci? Kuɗɗin da munka ba ka jiya lokaci sunka ɗauka kahin su shiga aljihunka?"

Yaron gaskiya ya faɗa, rashin sa'arsa bai faɗe ta kafin ya karɓi kuɗi ba. Su kansu mutanen Google sun ce irin wannan aiki kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Alhaji kuwa mutum ne da ya saba ya sayi sa da hantsi ya sayar da azahar ya ƙirga riba kafin magariba. Ce masa ya jira wata huɗu neman faɗa ne.

Akwai ɗan'uwansa mai sauƙin kai, wanda ke neman kansa da kansa. Yakan rubuta cikakken sunan shagonsa, da sunansa da na mahaifinsa da na kakansa da na unguwa, ya ƙara da "da 'ya'yansa". Sai ya ga ya fito na ɗaya. Ai dole, duk duniya ba mai wannan suna sai shi. Ya yi sadakar ƙosai, ya zagaya majalisa yana nuna wa jama'a. Ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa cewa ɗan kasuwar Anaca bai san kakansa ba, farashin buhun albasa kawai zai tambaya, da Turanci kuma.

Malamin Hausa shi rigimarsa ta ƙugiya ce. An kawo masa talla ya duba, ya ce ba zai sa hannu a raƙumi marar lanƙwasa ba. Yaron kwamfuta ya ce Malam, mai saye da k ɗin da ya tarar a wayarsa zai rubuta. Zuciyata na tare da Malam, aljihun mai raƙumi na tare da yaro, kuma har yanzu ba a sasanta su ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan harka ɗan kwangila ne. Daga birni yake zuwa da jakar goyo da turare mai ƙarfi, bakinsa cike da gajerun kalmomin Turanci da ba ya yarda ya fassara. Alkawarinsa ɗaya ne: mako guda, lamba ɗaya. Hajarsa kuma mahaɗai, wato wasu wurare a intanet su ambace ka su nuno inda kake, dubu guda a farashi mai rahusa. Abin da ya sa yake samun kasuwa, ƙaryarsa a gindin gaskiya ta tsiro. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, suna ɗaliban jami'ar Stanford a Amurka, dabarar da ta bambanta su da sauran ita ce ƙirga wa ya ambaci wa, da kuma nauyin mai ambaton. Duk wanda ya taɓa shiga karar Illela ya riga su sanin wannan. Baƙo ya shigo da bijimi, ba a tayawa sai an ga dillalin da ya tsaya masa, wanda zai ce na san shi, na san maigidansa, dabbar nan ba ta sata ba ce. Kalmar tsohon dillali ɗaya da aka sani shekara talatin ta fi ihun 'yan kallo ɗari da aka raba wa goro su ce mutumin kirki ne. To 'yan kallon nan ɗan kwangila ke sayarwa. Mahaɗansa daga wuraren caca da tallar maganin ƙarfi suke fitowa, cikin harsunan da Alhaji bai taɓa jin sunansu ba. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda irin waɗannan mahaɗai suka ɗaga katafaren kantin nan na Amurka, J.C. Penney, kuma Google ya dankwafar da shi ƙasa na wani lokaci. Google ya rubuta a fili cewa babu mai iya lamunce maka matsayi na ɗaya. Ɗan kwangila ya san da haka sarai, shi ya sa yake karɓar kuɗinsa duka kafin ya buɗe jaka.

Mai kwafe ba mugu ba ne, ƙyuya ce ta yi masa yawa. An ce ya rubuta bayani a kan ragunan layya, sai ya je ya kwaso na wani makiyayin Ingila ya zuba a Google Translate, wanda ya fara karɓar Hausa a 2013. Yanzu tallar Alhaji na ba masu saye shawara su yi wa rago askin ulu kafin bazara, su kuma killace shi in dusar ƙanƙara ta fara zuba. Balami da uda dai ba su da ulu, gashi gare su, ƙanƙarar Illela kuwa a cikin kula take, ana sayar da ita da tsada in azumi ya faɗo a watan zafi. Tun 2011 Google ke tankaɗe kwafaffen rubutu marar ƙwari, amma ko bai tankaɗe ba, wa zai tura kuɗin rago ga mutumin da bai san ragonsa ba?

Ɗan canji ya sa an rubuta masa "farashin sefa a yau", bai sake leƙawa ba shekara biyu. Har yanzu masu kira na neman ya sayar musu a wancan farashi, har yanzu yana zaginsu.

Hajiya mai atamfa da turaren wuta ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin manhajojin nan ba. Hotunan kaya take ɗorawa a WhatsApp, inda Google ba ya leƙawa, kuma kafin isha'i an kwashe. 'Yarta ce ta sa shagon a taswirar Google, abin da ba a biyan ko kwabo a kansa, ta rubuta lokacin buɗewa da lambar da ke aiki. Matan Ƙwanni da suka tsallako biki sukan same ta ta nan. In mayen kore ya zo yi mata bayanin fitila, sai ta ce, "Ɗana, Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da aunin yadi.

Akwai kuma wanda ya yi komai daidai. Ya rubuta gajeren bayani na gaskiya da Hausa da Turanci da Faransanci, ya sa hoton buhunansa na ainihi, ya faɗi ranar kasuwa da yadda ake lodi, ya yi haƙurin wata shida. Allah ya taimake shi ya fito a sahun farko. Sai dai waya shiru. Wata biyu yana zargin maƙiya, har ya fara tunanin neman taimakon malamai, kafin aka gano cewa lambar da ke jikin tallar ta yaron da ya yi aikin ce, ya sa ta ne na wucin gadi ya manta. Yaron kuwa an tura shi bautar ƙasa Kalaba. Can yake amsa kiran masu neman albasa safe da yamma, kuma da ya gaji da cewa ba nan ba ne, sai ya fara yanka musu farashi daga kansa.