Zaɓen Sikotland: Kowane Tsuntsu da Kukan Gidansu

Ranar Alhamis 7 ga Mayun 2026 aka tsayar wa mutanen Sikotland don zaɓen majalisarsu ta Holyrood da ke Edinburgh, mai kujeru 129. Tun 1999 majalisar nan ke riƙe da asibitoci, makarantu, 'yan sanda da wani kaso na haraji, amma soja da hulɗa da ƙasashen waje da shige da fice suna hannun Landan. Masu ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a sun duƙufa da tambayarsu ɗaya tilo: wa za ka zaɓa? Sai dai kusan duk wanda aka tare, wata tambayar ta daban yake amsawa.

Ga ɗan gani-kashe-nin ɓallewa. Shi har yau yana ranar 18 ga Satumban 2014, ranar da kashi 55 cikin ɗari suka ce a zauna cikin Birtaniya, kashi 45 suka ce a raba gari. Takardar kamfen ɗin tana nan manne a gilashin motarsa, ruwan sama ya kodar da ita, tunda rana ba ta cika leƙo su ba. Ka ce masa layin ganin likita ya yi tsawo, ya ce laifin Landan ne. Ka tuna masa jam'iyyarsa ta SNP ce ke mulki tun 2007, daga Alex Salmond zuwa Nicola Sturgeon, zuwa Humza Yousaf, zuwa John Swinney, ya ce ai ba a taɓa ba su wuƙa da nama ba. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce Holyrood ba ta da hurumin kiran wata ƙuri'ar raba gardama sai da yardar Landan, shi kuwa ya ce to kun gani ko? Ƙuri'arsa sak ce, sama da ƙasa.

Abokin adawarsa ba shi da jam'iyya, maƙiyi kawai gare shi. Ubansa ɗan jam'iyyar Leba ne na a-mutu, wanda ko sunan Thatcher, tsohuwar firaministar masu ra'ayin riƙau, ba a ambata a gidansa, amma shi ya taɓa runtse ido ya dangwala wa masu ra'ayin riƙau, don su ne ke iya kayar da SNP a mazaɓarsa. A zaɓen 2026 ma duk wanda lissafi ya nuna, shi ne ɗan takararsa, ko bai san sunansa ba. Mutanen nan biyu ba sa ga maciji, alhali in babu ɗaya, ɗayan bai san abin da zai yi da ƙuri'arsa ba.

Sai malamin lissafi, ɗan wake-da-shinkafa. Kowa takarda biyu ake ba shi: ɗaya ta ɗan majalisar mazaɓa, kujeru 73, ɗaya ta jam'iyya a shiyya, kujeru 56. Jam'iyyar da ta kwashe mazaɓu, rabonta a shiyya raguwa yake yi. A 2021 SNP ta ci mazaɓu 62, amma ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a takarda ta biyu kujera biyu kacal ta kawo mata. Wannan lissafi malam ya haddace, shi ya sa yake ba 'yan rajin kare muhalli takardarsa ta biyu, su da suka samu kujeru 8 a wancan karon. Kada ka kuskura ka gayyace shi cin abinci, har miya ta huce yana zana maka jadawali a bayan ambulan. Ni dai ba na raina ruɗanin, domin a 2007, da aka haɗa ƙuri'un biyu a takarda ɗaya, sama da 140,000 ne suka lalace.

Akwai mai barin jaki yana dukan taiki. A Yulin 2024 ya zaɓi Leba don ya huce haushin SNP, har Leba ta ci kujeru 37 cikin 57 na Sikotland a majalisar Landan, SNP ta koma 9. Ba a jima ba gwamnatin Leba ta Keir Starmer a Landan ta taɓa tallafin ɗumama ɗaki na tsofaffi, sai ya yi fushi. Starmer ba ya kan takarda a zaɓen 2026, don haka Anas Sarwar, jagoran Leba a Sikotland, shi zai sha bulalar. Ɗan uwansa kuma ya sauya sheƙa zuwa Reform ta Nigel Farage, jam'iyyar da kafin 2026 ba ta taɓa cin kujera a zaɓen Holyrood ba, saboda 'yan ci-ranin da ke tsallakowa daga Faransa zuwa kudancin Ingila a ƙananan jiragen ruwa. In ka ce masa Holyrood ba ta da ta cewa a nan, ya ce ya sani, saƙo yake aikawa.

Wanda na fi tausayi, na kuma fi ganin girmansa, shi ne mutumin tsibiri. Shi ba ruwansa da tuta, jirgin fito yake nema. A 2015 aka ba da kwangilar jirage biyu kan fam miliyan 97, aka ce za su fara aiki a 2018. A 2017 aka yi bikin tura na farkon, Glen Sannox, cikin ruwa, tagogin ɗakin matuƙi kuwa da fenti aka zana su. Bai ɗauki fasinja zuwa tsibirin Arran ba sai Janairun 2025, kuɗin kuma ya ninka har sau huɗu. Mutumin nan ya rasa ranar ganin likita, ya rasa baƙin otal ɗinsa, wani lokacin har burodi ya yanke a kanti. Shi kaɗai ne a jerin nan yake hukunta Holyrood kan aikin Holyrood.

Saura ba sa buƙatar dogon bayani. Ga Baba mai cewa "ban yanke shawara ba tukuna", alhali ta yanke tun 1999, daɗin zuwan 'yan takara ƙofar gidanta take ji. Ga ɗan shekara 16, doka ta ba shi ƙuri'a ba ta ba shi lasisin mota ba, bas kyauta yake hawa har ya cika 22, kuma duk wanda ya taɓa masa katin bas ɗin ya shiga uku. Ga kuma gwanin alkawari, wanda ke rantse wa mai tambaya cewa shi ne farkon layi, ranar zaɓe aka yi yayyafi ya ja bargo. A 2021 kashi 63 cikin ɗari suka fito, kuma ba a taɓa kai hakan ba a tarihin majalisar.

Na ƙarshe namu ne: ɗalibi ko ma'aikaci a Aberdeen ko Glasgow, ya san rikicin siyasar Kano kamar tafin hannunsa, bai san sunan ɗan majalisar unguwarsa ba. Tun 2020 duk baƙon da ke da izinin zama a Sikotland yana da ƙuri'a a wannan zaɓe, ko daga Najeriya yake ko daga Nijar. Malam, harajinka suke yanka, asibitinsu kake zuwa. Je ka yi rajista. Rumfa na buɗe daga bakwai na safe zuwa goma na dare.