Fatawar Masu Sautu

Babu wani al'amari da ke mayar da dangi malaman fiƙihu cikin dare ɗaya kamar a ji mace za ta ƙasar waje ita kaɗai. Da zarar labari ya bazu cewa Hajiya ta sami biza za ta Dubai saro kaya, sai ka ga kawun da bai taɓa sauke Ahalari ba ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya shiga warware mas'alar muharrami da ƙarfin halin da ko shaihunan Azhar sai sun yi taka-tsantsan kafin su nuna irinsa. Gwaggo kuwa, wadda iyakar tafiyarta a duniya Zariya, ita ce mai bayanin abin da ke samun mata a masaukan baƙi na ƙetare, dalla-dalla, sai ka ce makullan ɗakunan a hannunta suke kwana.

Mas'alar kam tana da nauyi a wurin ma'abota ilimi. A 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare ɗaruruwan maniyyata mata 'yan Najeriya a Jidda da Madina, suka mayar da da yawansu gida bisa hujjar rashin muharrami. Daga 2021 kuma ita Saudiyyar ta soma barin mace ta yi rajistar Hajji cikin ayarin mata, abin da malaman Malikiyya suka daɗe da halattawa a Hajjin farilla idan an sami amintattun abokan tafiya. Amma ba wannan bahasi ne ya dami kawu ba.

Domin kuwa a jajibirin tafiya, bayan an idar da sallar isha'i, sai ga sallama, kuma shi wannan bawan Allah da jiya ya rantse tafiyar ba ta halatta ba, shi ne zai zaro 'yar takarda daga aljihu, ya sassauta murya ya ce, "'Yata, tunda dai kin nace, ga ɗan sautu: agogo, da turare, da jallabiya mai ruwan toka. Kuɗin kuma in Allah ya dawo da ke." Gwaggo sarƙa take so daga kasuwar zinare ta Dera, irin wadda kishiyarta ba ta taɓa gani ba. Haka za a yi ta shigowa har jakar da aka ƙayyade mata kilo 23 ta cika tun a takarda, kuma matar da aka yi ijma'i ba za ta iya tsare kanta ba, sai ga shi an damƙa mata amanar dukiyar unguwa guda.

Can kuma, yayin da take ciniki da ɗan kasuwa Ba'indiye, ba Hausa ba Larabci sai nuni da yatsa da buga lamba a waya, kiran WhatsApp ba ya yankewa. Ana fara shi da "Juya wayar mu ga ɗakin," a rufe shi da "Kin samo kuwa?"

Ranar da ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ake yanke hukunci. Wanda saƙonsa ya iso, ya shaida Hajiya mace ce mai kamar maza, kuma dama shi bai taɓa shakkarta ba. Kawu kuwa jallabiyarsa ta yi masa kaɗan a kafaɗa, saboda haka ya koma kan fatawarsa ta farko, har da ƙarin hujjoji biyu.