Ku da Kuke Cewa Bugun Gwangwani Ne Kawai

Na san da zamanku. An ga kan magana an taɓe baki: wai yau kuma masu bugun gwangwani za a cika mana shafi da su? Eh, su ɗin dai, ranka ya daɗe. Amma kafin ka wuce, tunda kai ne mai digiri, ga 'yar jarrabawa. Ɗauko takarda da almakashi, ban ma ce ƙarfe ba, ka yanko mini abin da in an naɗe shi zai zama bokiti, baki da faɗi, gindi a tsuke, ya zauna daram ba tangaɗi. Ina jira.

Mai kusurwa huɗu ka yanko ko? To bututu ka yi, Allah ya ba da lada. Jikin bokiti in aka warware shi aka shimfiɗa, lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata, kuma dole mai aikin ya gan shi a ransa tun falle yana kwance, kafin almakashi ya taɓa shi. Fallen nan mai ƙafa 4 da ƙafa 8 da kuɗi aka saye shi, in an yanka ba daidai ba babu mai mayar da shi. Idan ana son baki mai faɗin santimita 30, sai an yanko santimita 94 da 'yan kai, sannan a ƙara na kalmasa, inda gefe zai rungumi gefe a danne su har ruwa ya rasa hanya. Lissafin nan na 22 bisa 7 da ka haddace a sakandare, ka zubar da shi a ƙofar ɗakin jarrabawa, da shi wani yake ciyar da mata da 'ya'ya. Bokiti ma ai na 'yan koyo ne. Je ka ga yadda ake fitar da gwiwar bututun iska na babban asibiti ko otal, inda bututu biyu za su haɗu a karkace. A shimfiɗe, layin da za a yanka tafiya yake yana hawa yana sauka, ka rantse hannun mai zanen ne ke rawa, sai an naɗe ka ga baki ya haɗu da baki cif.

Na ji Hajiya daga can tana cewa ai da ido suke yi, ba wani ilimi. Hajiya, idon ne ilimin, kuma ba a kasuwa aka sayo shi ba. Ƙarfe yana da hali. In ka lanƙwasa shi ka saki, sai ya ɗan koma baya, don haka gwani yakan zarce kaɗan da gangan. In ka cika bugunsa a wuri guda ya ƙanƙare ya tsage, sai an gasa shi ya huce kafin ya sake saurarenka. Siririn falle kuwa, ka ba shi wutar walda a jere ya huje ko ya karkace, shi ya sa ake ɗiga masa ita nan da can, ana barinsa yana shan iska. Murhun gawayin da ke tsakar gidanki, da rariyar, da mazurarin mai, da akwatin ƙarfen da aka kai 'yarki makarantar kwana da shi, duk ta wannan idon suka biyo.

Shi kuma Alhaji, wanda ya ce shi dai a ba shi mai babbar lamba don ya fi ƙarko, sai a yi masa a hankali. A ma'aunin geji, lamba tana hawa kauri yana sauka: geji 18 ya zarce milimita 1 kaɗan, geji 26 kuwa kusan rabin milimita ne. Alhaji ya biya, ya yi godiya, har da addu'a. Iskar farkon damina ce za ta yi masa bayanin sauran, ranar da indararo ya koma gidan maƙwabta.

To ina takardarsu? Wannan ita ce tambayar da kuka ɓoye a aljihu tun ɗazu, ku da ba ku yarda mutum ya iya komai ba sai kun ga hatimi. Akwai ta. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na III a hau na II a ƙare a na I, kuma a nan ba a tsira da haddar dare ɗaya, kayan aiki ake miƙa maka a ce bismilla. Ɗaliban kwalejojin fasaha suna zana jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, kuma ƙira da walda suna cikin darussanta. Ga asusun ITF mai hedikwata a Jos, tun 1971 yake harkar horar da ma'aikata. Hukumar NBTE da ke Kaduna ta fito da tsarin NSQ, wanda ke auna abin da hannu ya iya, ko da a rumfar maigida aka koye shi. Ba mamaki a Kaduna maganar ta fi ƙarfi, domin a can Panteka take, inda ake ƙera injin niƙa da na casa da tankin ruwa, kusa da Kaduna Polytechnic, kuma tuni makarantar ta fara haɗa gwiwa da masu rumfunan. Ni dai ban ce kome ba a kan wa ya fara zuwa wajen wa neman taimako ranar da aikin kammala karatu ya ƙi haɗuwa.

'Yan'uwanmu na Nijar kada su yi dariya a ɓoye, su leƙa kasuwar Katako a Yamai, inda tsohuwar ganga mai lita 200 ke shiga da safe ta fito da yamma ta zama akwati ko murhu.

Ku ma masu guduma, kada ku gyara zama kuna murmushi, ban gama ba. Wa ya koya muku cewa tabarau na rana yana tare hasken walda? Da dare in ido ya cika da yashi kuna hawaye, ku kuka san yadda kuke kwana. Hayaƙin da fallen galbanaiz ke fitarwa in wuta ta taɓa shi, na zinkin da aka shafe shi da shi ne, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma gwangwanin madarar da kuke kwankwaɗa bayan an tashi ba ya wanke huhu. A yi aikin inda iska ke kaɗawa. Darma kuma a raba ta da duk abin da za a ci ko a sha a ciki, guba ce, ta fi cutar da yara. Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur ba a kusantarta da wuta don kawai an girgiza an ji ba kome, tururin da ya rage shi ke tashi da mutum. Sai kuma "dawo gobe, Alhaji, saura fenti", alhali fallen ma yana kasuwar Ƙofar Ruwa ba a sayo shi ba. Wannan darasin ban san a wane mataki na gwajin sana'a ake koyar da shi ba, amma kowa ya ci shi da kyakkyawan sakamako.

Saura kai da ke can baya, mai tambayar ko zan yarda ɗana ya shiga wannan sana'a. Zan yarda, da sharaɗi biyu: ya toshe kunnensa da abin kariya, kada ya kai shekara 40 yana cewa "na'am?" sau uku kafin ya amsa sallama, sannan ya je ya karɓo takardar, saboda irinku ne ke zaune a ofishin ba da kwangila. Naka ɗan kuma, da ya dawo daga bautar ƙasa yake kwana yana tashi da waya a hannu, in ya gaji ka turo shi. Za a fara ba shi riƙon falle, kuma a shekarar farko ba a biyan kowa, ko da ya zo da rigar digirinsa.