Injin Mota Mai Azumi Ne: Nasiha Ga Mai Tsallake Gulbi

Ma'abota Land Cruiser da Hilux da tsohuwar Land Rover, waɗanda in watan Agusta ya kama, Gulbin Maradi ko Gulbin Rima ya cika ya batse, sai su tsaya a bakin mashigi suna duban ruwa da idon raini saboda motarsu tana ja da ƙafa huɗu, ina so in gabatar musu da wata mas'ala guda, wadda duk sauran hukunce-hukuncen wannan babi rassanta ne: injin mota mai azumi ne. Wanka ya halatta gare shi, kurkure baki ma an yi masa rangwame, amma kurɓi ɗaya in ya wuce maƙogwaro, azumi ya karye, kaffararsa kuwa, bisa ga abin da na gani a garejin kanikawa, ba ta cika kasa kwana sittin ba.

Hikimar haramcin ita ce, fistin aikinsa matse iska, iska kuwa mai haƙuri ce, ana matse ta a tsohon injin dizal har ta koma kashi ɗaya cikin 20 ko kusa da haka ba ta yi ƙorafi ba. Amma ruwa ba ya matsuwa ko da Sarki ne ya yi umarni, saboda haka in fistin ya taso da ƙarfinsa ya tarar da shi, sai sandar da ke tura shi ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta fasa cikin injin ta leƙo waje, kamar mai son ganin wanda ya jawo mata wannan musiba. Kofin shayi guda ya isa.

To, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, sai mai mota ya fara sanin haddin da maƙera suka yanka masa: santimita 70 ga Land Cruiser da Hilux na zamani, 50 ga tsohuwar Land Rover Defender. Wanda ya ga wannan bai ishe shi ba, sai ya sa wa motar dogon bututun nan da ake kira sinokel, wanda ke bin gefen gilashi har rufi, don ta riƙa numfashi ta sama kamar giwa a tafki. Ba bidi'a ba ce, domin sojojin taron dangi sun yi wa motocinsu irin wannan dabara da suka sauka gaɓar Normandi a 1944. Sai dai a kiyaye, akwai sinokel na riya, wanda aka ɗaura don a burge 'yan unguwa, ba a liƙe mahaɗansa ba. Wannan yana sha ta ƙasa, yana nuna taƙawa ta sama.

Idan an iso bakin ruwa, mustahabbi ne a kashe mota a sha inuwa, domin akwatin giya da tukunyar da ke tsakanin ƙafafu, in suka shiga ruwan sanyi da zafinsu, iskar cikinsu takan tsuke, su zuƙo ruwa ta 'yar kafar numfashinsu, bayan kwana biyu ka buɗe ka tarar man ya zama fari kamar kindirmo. A wannan hutun ne ake ɗaura tamfol a gaban mota, a kuma sassauta bel ɗin fanka in irin wadda ba ta tsayawa ce, don kada fukafukanta su lanƙwasa su yanka lagireto. Sa'an nan a aiki yaron mota ya taka ruwan da sanda. In ya kai masa gwiwa, madalla; in ya kai ƙugu, a yi shawara; in kuwa hularsa kaɗai ake hange tana tafiya gabas, to, an sami fatawa. Mafi sauƙi dai a tambayi Bafulatanin da ke shayar da shanu a wurin, don da ɗan gari akan ci gari.

Shiga kuwa da natsuwa ake yi, a ƙaramar giya, lamba ɗaya ko biyu, da tafiya madaidaiciya wadda za ta tura ɗan tudun ruwa a gaba, ya bar rami a bayansa inda injin yake. Canza giya a tsakiyar gulbi makaruhi ne mai kusa da haram, gudu kuwa aikin jahilai ne, ko da 'yan kallo suna tafi.

In ƙaddara ta faɗa, mota ta mutu a tsakiya, Shaiɗan zai zo ta kunnen hagu ya ce, "Alhaji, ɗan murɗa makulli sau ɗaya mana." Kada a saurare shi, domin murɗawar nan ce ke mayar da ƙaramin gyara babban makoki. A nemo igiya da majiya ƙarfi, ko shanun noma biyu, a jawo ta tudu, a duba matatar iska. In ta jiƙe, a kwance filogi ko nozul, a juya injin har ya amayar da abin da ya sha, a canza baƙin mai. Wanda kuma ya haye lafiya, sai ya ɗan riƙa taka birki yana tafiya har ya bushe, ya kuma tsaya ya jira yaron motarsa, wanda har yanzu yana wancan ƙetaren yana matse wando.