Daga Kwale-kwale Zuwa Teburin Mai Shayi

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya zo mana hutu bara, ya zauna a zaure yana ba mu labarin yadda Turawa ke hutawa. Ya ce mutum zai zuba kuɗi ya yi hayar wani siririn jirgi da faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, ya kwashi iyalinsa su tare a ciki mako guda, suna bin magudanar ruwa da gudun da doka ba ta yarda ya wuce mil 4 a awa ba. Da yamma sai ya ɗaure jirgin a gaɓa, ya ratsa gonaki a ƙasa har mashayar wani ƙauye, ya ci ya sha, ya dawo cikin duhu. Hutun ke nan. Wani dattijo da ke wurin ya gyara zama ya ce, "To yaro, wane laifi mutum yake yi a yanke masa wannan?"

Na koma gida ina juya maganar. Mil 4 a awa, ai jakin da ya ji sanda yana yin haka. Magudanan nan kuma, kusan mil 2,000 a Ingila da Wales, tun ƙarni na 18 aka fara haƙa su don dakon kwal da sauran kaya, dawakai ke jan jiragen suna bin gefe. Ashe hanyar da Bature yake takawa yana murmushi hanyar dabbobi ce, burtali ke nan da Hausa. In bin burtali ne hutu, mu a Dayi mun daɗe muna hutawa ba mu sani ba. To ga shawara ga mai son ya yi irin nasu ba tare da biza ba.

Sai ka fara neman ruwa, kuma a nan za ka fara shan wuya. Dayi mararraba ce: motar Kano ta ɓullo ta Gwarzo, ta Funtuwa ta biyo Malumfashi, ta Katsina ta gangaro, amma jirgi bai taɓa yin lodi a tasharmu ba. Rafukanmu masu zuciya ne. A watan Agusta su zo da fushi su tafi da akuyar mutum, a watan Maris kuwa yashi ne zalla, masu tifa na ɗiba. Kada ka sayi kwale-kwale don rafin bayan gari. Wata biyu zai yi yana jirgi, wata goma shanu na shan ruwa a ciki, kuma ba banza ba Bahaushe ke kiran su duka biyun komi.

Dam za ka nufa. Akwai Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983 a kan Kogin Karaduwa. Akwai Challawa a Karaye, na 1992, in ka bi ta Gwarzo. Mai kuɗin mai ya zarce Tiga.

In ka isa bakin ruwa, gaida masunta, ka tambayi mai fito, amma kul ka ce shaƙatawa ka zo. Wanda ya ce zai shiga jirgi alhali ba shi da inda za shi, ɗayan biyu za a ɗauke shi: mai taɓin hankali ko ma'aikacin gwamnati, kuma dukansu ninka musu kuɗi ake yi. Ka ce ziyara za ka ƙetare. Babbar riga ta zauna a gida, shadda ma haka. Ka zauna a tsakiya, ka manta da hoto. Za ka ga wani gwangwani a kusa da ƙafarka. Ba shara ba ce, kayan aikinka ne. Mai jirgi na tuƙi da filafili, fasinja na kwarfe ruwa, kuma kai ne za ka biya a ƙarshe.

Abu ɗaya ne ba na raha da shi. In ka ga jirgi ya cika ana ta cewa "matsa, matsa, akwai wuri," ka sauka ka jira na gaba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa mutane da dama, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu. In akwai rigar kariya ka sa, ko da za a yi maka dariya.

Kun ƙetare, an kafa turke an ɗaure jirgi. Ka ba mai jirgi rabin kuɗinsa, ka riƙe rabi, domin rabin nan shi ne igiyar gaskiya. Sannan ka yi wa wurin alama da abin da ba ya tafiya. Ni da wani farin sa na yi tawa alamar, yana kwance yana tuƙa kamar an dasa shi. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu sai tambayar hanya, kuma wannan fanni ne da ya kamata a koyar a jami'a. Bature yana da taswira da ke gaya masa mashaya na nesa da shi mil ɗaya da rabi. Kai kana da wani bawan Allah da fartanya a kafaɗa. Ka yi masa sallama, ku gaisa, ka tambayi ruwa ya ce ya yi gyara, ka tambayi aiki ya ce da godiya, sannan ka ce, "Baba, ina zan sami mai shayi?" Kada ka kula da abin da zai faɗa, domin amsar ɗaya ce a ko'ina: nan kusa ne. Bakinsa za ka duba. In ya nuna da leɓe ya ce "nan," rabin awa ce. In ya ɗaga haɓa ya ce "can," ka ƙara ɗaure wando. In kuwa ya ja ta ya ce "caaan," har da lumshe ido, ka tambaye shi ko garin na da masauki. Mafi haɗari shi ne wanda zai ce, "Ka ga waccan kukar? Da ka wuce ta ka isa." Gaskiya ya faɗa, sai dai kukar da yake nufi ba ita kake gani ba. Ita tana bayan wadda kake gani, bayan wani rimi, bayan wata fadamar rake. Wani lokaci ma an sare ta tun zamanin Shagari, suna ne ya rage.

A hanya ka bi burtali, ko ka taka tsakanin kunya da kunya. Mai gona zai yafe maka tambayar banza goma, ba zai yafe maka karan masara ɗaya ba a shekarar da taki ya yi tsada. Duk wanda ka gani a duƙe ka ce masa sannu da aiki. Kowace gaisuwa minti biyar ce, ka sa a lissafi. Ƙarangiya za ta raka ka ba tare da gayyata ba. In ka hango ruga, ka rage sauri ka ɗaga murya da sallama tun daga nesa, kuma kada ka gudu, domin karen ruga bai san kana hutu ba. In an yi maka tayin fura ka karɓa. Ƙwarya mai sanyi, nono kindirmo, ludayi ɗaya ku uku: har yau ban ga abin da ɗan ƙanwata ya lissafa da ya kai wannan ba. Fadama kuwa, duk inda ciyawa ta fi kore da kyau, nan ne taɓo. Ka cire takalmi ka riƙe a hannu tun kafin ta karɓe shi da kanta.

Na san wani zai ce ai mashayar Turawa giya ake sha a cikinta, kuma a ƙasar Malumfashi ba a rasa unguwannin da ake dafa burkutu ba. Haka ne. Amma limamin unguwarmu yana karanta mujallar nan, saboda haka tamu hanyar a teburin mai shayi ta tsaya.

Ana gane teburi nagari da yawan baburan da ke jingine, da rediyon da ba a kashewa, da yadda mai shayin ke ɗaga kofi sama ya tsiyayo ba ɗigo ɗaya a ƙasa. Kada ka faɗa kan benci kawai. Akwai wani gefe da ya yi sulɓi, babu kowa a kai. Na wani dattijo ne da ke zama a nan tun kafin a haife ka, kuma yana hanya. Ka zauna can ƙarshe, ka ce a haɗa maka mai kauri da burodi da ƙwai biyu. Wanda ya taka awa biyu ya zo ya ce ruwan bunu, ya ci amanar ƙafafunsa.

Kafin shayin ya huce za a fara: daga ina, ɗan gidan wa, me ya kawo ka. Ka ce Dayi. Nan take wani zai ce ya taɓa sayen ɗan maraƙi a wurin kawunka kuma an cuce shi. Ka ba da haƙuri a madadin dangi. Hira ta halal uku ce: kuɗin taki, farashin buhun masara a kasuwar Dandume, sai Arsenal. In aka shiga siyasa ka cika bakinka da burodi. Da ka tashi biya wani zai rantse cewa baƙo ba ya biya a garin nan, ka ji daɗi, sai ka ga kunya ta sa ka saya wa mutum bakwai tsire. Ka zo da kuɗi a hannu; sabis yana kan wani tudu, tudun kuma caaan yake.

Bature yakan koma jirginsa da dare yana haska tocila yana waƙa. Kai kada ka gwada. A halin da ake ciki, baƙon da aka gani cikin masara da tocila bayan isha'i, 'yan sa-kai ne za su yi masa rakiya, kuma tambayoyinsu sun fi na teburin shayi zafi. Da an yi la'asar ka yi sallama.

Ni na yi sallama a kan lokaci. Farin san ne bai jira ni ba. Na bi gaɓa gabas, na dawo na bi yamma, na tarar da turke babu jirgi, domin tun da safe tausayi ya sa na biya kuɗin duka. Wani yaro mai kamun kifi ya ce mai jirgin ya tafi duba komarsa, yanzun nan zai dawo, ya kuma ja "yanzun" ɗin yadda na gane. Ɗan acaɓa ne ya zagayo da ni ta bayan dam a kan ninki uku na kuɗin fito, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da laka. Wanda duk ya bi shawarar nan ya ci karo da takalmin hagu, baƙi, lamba 43, a fadamar da ke gab da rake, nawa ne. A ba direban motar Gwarzo ya ajiye mini a tashar Dayi.