Masu Jakar Goyo a Tailan: Wa Ke Taimakon Wa?

Bahaushe ya san sunan Tailan tun kafin ya nemi inda take a taswira, saboda ya sha ganinsa a jikin buhun shinkafa. Sai dai ƙasar tana da wata haja da ta fi shinkafa kawo mata kuɗi nesa ba kusa ba, wato baƙi. A shekarar 2019 kaɗai kusan mutum miliyan 40 ne suka shiga ta yawon buɗe ido. Mafi yawansu sun je ne su miƙe ƙafa a bakin teku, su ci, su sha, su koma, kuma babu abin da za a ce da su sai a sauka lafiya. Waɗanda suka cancanci a zauna a ƙare musu kallo su ne masu jakar goyo, samari da 'yammata da wasu dattawan da suka ƙi yarda girma ya zo, waɗanda kan baro Turai ko Amurka ko Ostireliya su kaɗai, da niyyar koyon girkin mutanen ƙasa da yin aikin sa kai. Kusan kowannensu yakan sauka daga jirgi da yaƙinin ya kawo wa ƙasar wani abu. Ni kuwa a ganina baƙon ne mai karɓa a wannan ciniki, kuma darajar kowane iri a cikinsu tana rataye da yadda ya gane haka.

Ƙasar ma ba ta ɓoye masa komai ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta mabiya addinin Buddha ne, kuma kowace asuba sufayensu kan fito ba takalmi, cikin mayafi ruwan goro, kowa rungume da ƙwaryarsa. Mutanen unguwa su tuɓe takalma, su zuba shinkafa, su saka miya da aka ƙulle a leda, su durƙusa. Sufin ba ya cewa ya gode. Ba rashin tarbiyya ba ne. A aƙidarsu mai bayarwa ne ya ci riba, tunda shi aka ba damar tara lada, don haka in akwai wanda godiya ta kama, shi ne. Baƙon da ya zo da shirin a tafa masa ya faɗo ƙasar da ta daɗe da yanke hukunci a kan irinsa.

Na farko a layi shi ne Na-Kaɗai. Wannan ya sanar da dangi da abokai cewa zai tafi ya gano kansa, ba ɗan rakiya, ba jagora, inda ƙafar ɗan yawon buɗe ido ba ta taɓa takawa ba. Kwana na farko sai ga shi a titin Khao San na birnin Bangkok, tsakiyar dubban Na-Kaɗai irinsa, kowa sanye da wando mai zanen giwaye da aka saya a shago ɗaya. Daga nan ya hau jirgin ƙasan dare zuwa Chiang Mai, ya shiga ƙaramar bas zuwa garin Pai, ya yi amai a kan hanyar nan mai kwana 762, a daidai inda na gabansa ya yi. Wannan turba ta tsufa. Tun 1975 kamfanin Lonely Planet ya fitar da littafin jagora na yawon kudu maso gabashin Asiya da kuɗi kaɗan, kuma har yau jikokin masu karanta shi suna bin sawu ɗaya. Kaɗaicin nasa kuwa mutane da yawa ne ke ɗauke da shi: mai masauki da ya tashe shi kada jirgi ya wuce, mai wanki, direban adaidaita sahun da suke kira tuk-tuk, da tsohuwar da ta bi shi da fasfo ɗin da ya manta a kan tebur. In ya koma gida zai ce shi kaɗai ya yi komai.

Sarkin Asali ya fi shi ban dariya, domin shi da ilimi yake tafe. Ba ya cin abinci a inda ya ga wani baƙo, ba ya yarda da takardar jerin abinci mai hoto, kuma in kujerar roba ba ta karye ƙafa ba, to abincin jabu ne. Yana neman girkin da hannun waje bai taɓa ba. Matsalarsa ita ce tukunyar Tailan ba ta taɓa rufe ƙofa ba. Barkonon da yake ɗauka a matsayin ruhin girkinsu ɗan asalin nahiyar Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi yankin wajen ƙarni na 16. Soyayyar taliyar shinkafa da ake kira pad thai, wadda yake rantsuwa da ita, gwamnatin Firaminista Phibun ce ta tallata ta wajen shekarun 1940, a yunƙurinta na gina kishin ƙasa. Miyar massaman daga fataken Musulmi ta samo tushe, haka khao soi, taliyar nan mai romon madarar kwakwa da Chiang Mai ke alfahari da ita, ana danganta ta da Musulmin da suka gangaro daga Yunnan ta ƙasar Sin, waɗanda masallacinsu na Ban Haw ke tsakiyar birnin har yau.  Kai, ko ƙaunar da Sarkin Asali ya yi wa abincin tun yana garinsu ba haka kawai ta faɗo ba, domin a 2002 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri na musamman na yawaita gidajen abincinta a ƙasashen duniya. Ya zaci shi ya gano su, alhali su suka aika aka kira shi.

Ƙaninsa shi ne Jarumin Barkono, kuma fagen daga nasa gaban mai sayar da kwaɗon gwanda da ake kira som tam ne. Matar tana tsaye da ɗan turmin yumɓu da taɓaryar itace a hannu ɗaya, cokali a ɗayan. Ta jefa tafarnuwa, ta matse lemon tsami, ta sa sukarin dabinon ƙasarsu da busasshen jatan lande da gyaɗa, ta ɗebo ɗanyar gwanda da aka yanka siri-siri, sannan ta ɗaga ido ta tambaye shi barkono nawa. Ya ɗaga yatsu biyar. Ta dube shi, ta dubi maƙwabciyarta, ta sa biyu. Loma uku ke nan fuska ta yi jawur, hanci na zuba, yana ɗaga mata babban yatsa cikin hawaye. Zai ba da labarin nan shekara goma, ba tare da ya san rahamar da aka yi masa ba. Kusa da shi Mai Ƙin Nama take zaune, wadda ta zaɓi ƙasar saboda ta ɗauka mabiya Buddha ganye kaɗai suke ci. Ba ta san sufayen Tailan abin da aka zuba musu suke ci ba, har da nama, kuma ruwan kifin da aka tsima da gishiri watanni yana cikin kusan kowace tukunya, kamar daddawa a miyar kuka. Mako uku tana yabon ɗanɗanon da ba ta san daga ina yake ba.

Akwai wadda ake yawan yi wa dariya da ni ba zan yi mata ba, wato Gwanar Rabin Yini. Ta biya kuɗin makarantar girki a Chiang Mai, an zagaya da ita kasuwa da ɗan kwando, an nuna mata ciyawa mai ƙamshin lemo da saiwar nan 'yar'uwar citta, ta daka kayan miya a turmin dutse har kafaɗa ta yi tsami, ta soya abinci kala huɗu ko biyar da aka riga aka yanka mata kayansu, aka miƙa mata ɗan littafin girki. Gaskiya ne za ta koma gida ta riƙa gyara wa mutane yadda ake furta sunan miya. Amma cinikinta a fili yake: ta zo ba ta sani ba, ta biya wanda ya sani, ta tsaya a matsayin ɗaliba. Kuɗinta ya shiga hannun mai koyarwa da 'yan kasuwa, kuma ba ta ce ta ceci kowa ba. A duk jerin nan ita ce ta fi kusa da gaskiya.

Waliyyin Kwana Goma ya nufi kudu, zuwa Suan Mokkh, cibiyar da malami Buddhadasa ya kafa a 1932, inda ake karɓar baƙi zaman shiru na kwana goma. Tashi ƙarfe huɗu na asuba, gadon siminti da tabarma, matashin kai na katako, ba waya, ba hira, ba cin abinci bayan na rana. Wanda ya jure wannan ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa. Illa dai shirun kwana goma yakan haifi surutun wata shida a kan yadda ya kashe son zuciya. Kuma da yake tsibirin Pha-ngan, inda ake raƙashewa duk daren da wata ya cika, yana lardi ɗaya da cibiyar, wasu waliyyan ba sa jin wahalar haɗa ziyara biyu a tafiya ɗaya. Ɗan'uwan Waliyyin, Mai Kyamara, ya fi shi ɓarna. A Luang Prabang ta ƙasar Lawos, inda jerin sufaye masu karɓar sadakar asuba ya zama abin kallo, sai da aka riƙa kafa alluna ana roƙon baƙi su ja da baya, su daina haska fitilar kyamara a fuskar masu ibada.

Daga nan dariya takan fara ragewa, domin an iso ga masu aikin sa kai. Mai Wankan Giwa ya biya kuɗi mai kauri don ya kwashe kashi, ya yanka kankana, ya watsa wa giwa ruwa, giwar da tun kafin a haifi kakansa ta iya wanka da kanta, kuma shi ne na ashirin da ya wanke ta a ranar. Wasu gidajen kula da giwaye ma sun daina barin baƙi shiga ruwa da su saboda takura. Malamin Mako Biyu bai taɓa riƙe alli ba, amma da yake Turanci harshen uwarsa ne an ba shi aji, kuma yaran sun koyi sunayen launuka karo na bakwai a shekara ɗaya, tunda kowane sabon malami daga nan yake farawa. Mafi hatsari shi ne Mai Rungumar Marayu. A maƙwabciya Kambodiya, binciken da gwamnati ta yi da tallafin UNICEF ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, kuma kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Ba marayu ne suka ƙaru ba, masu biyan kuɗin ganinsu ne suka ƙaru, sai aka shiga ƙauyuka ana karɓo 'ya'yan talakawa da alkawarin makaranta. Yaro ya shaƙu da baƙo, ranar Juma'a baƙo ya tafi, Litinin wani ya zo. Abin ya kai ga Ostireliya a 2018 ta sa safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje cikin nau'o'in bautar zamani.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk cin fuska ne ga mutanen da suka fi masu zaman gida zuciya, kuma kuɗinsu yana amfani. Rabin maganar gaskiya ne, kuma giwayen su ne shaida. Da Tailan ta haramta saran katako a dazuzzukanta a 1989, giwayen da ke jan gungume suka rasa aiki, alhali kowace tana cin ciyawa fiye da kilo 100 a rana. Kuɗin baƙi ne ya riƙe su. Da annobar korona ta rufe iyakoki a 2020, an ga masu kiwonsu suna kora su a ƙasa zuwa ƙauyukansu na asali saboda babu abin ciyar da su. To amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Abin da giwa ke buƙata daga baƙo aljihunsa ne, ba bokitinsa ba. Aikin gaske yana hannun mai kiwon da ke kwana da ita shekara da shekaru, shi kuwa baƙo ya sayi mako guda na jin daɗin zama mutumin kirki, kuma babu laifi a saye muddin ya san saye ya yi.

Wani kuma zai ce ai akwai likitoci da ƙwararrun malamai da suka zauna shekaru, suka koyi harshe, suka yi aiki ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa. Akwai su, kuma ba su cikin wannan jeri, domin ba a cika jin duriyarsu ba. Bambancinsu da sauran a bayyane yake: sun zo da sana'ar da ake nema, an tantance su, sun nemi izinin aiki kamar yadda hukumomin Tailan ke buƙata ko da aikin na kyauta ne, kuma sun daɗe har aka saba da su. Ana iya ƙara cewa kyakkyawar niyya ma abin a yaba ce. Haka ne, sai dai ko sadakar 'yan ƙasa da kansu ta nuna niyya ba ta isa ba. Wani binciken Jami'ar Chulalongkorn ya gano kusan rabin sufayen da aka duba ƙiba ta yi musu yawa, saboda masu neman lada suna cika musu ƙwarya da kayan zaƙi da soye-soye, su kuma ba su da ikon zaɓe. In har lada na iya jawo wa mai karɓa ciwon sukari, ina ga taimakon wanda bai san sunan ƙauyen da yake ciki ba?

Saboda haka, mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa can kai kaɗai, ka shiga makarantar girki ka biya ba tare da ja-in-ja ba, ka bar mai turmi ta yanke yawan barkono, ka tsaya nesa in sufaye sun fito. Duk gidan marayun da ya yarda ka shiga ka ɗauki yaro ba tare da ya binciki ko kai wane ne ba, ka juya ka riƙe kuɗinka. Aikin da ba za a ɗauke ka ka yi a garinku ba kuwa, kada ka je ka gwada shi a kan 'ya'yan wasu.