Maserati da Mai Gidanta na Gaskiya

Duk wanda ya sayi tsohuwar Maserati Quattroporte yakan ɗauka ya mallaki mota. Takardu ne dai ke ɗauke da sunansa, amma a garejin bakanike take kwana.

A 1963 aka fara ƙera ta a birnin Modena na Italiya, Pietro Frua ya zana jikinta, aka ɗora mata inji mai silinda takwas. Kafireta huɗu na kamfanin Weber ke shayar da injin fetur, kuma dole a saita su daidai wa daida, kamar mai mata huɗu wajen rabon kwana: ka fifita ɗaya, gida ya hargitse. Kana gamawa da su, wayarin ya tuna shekarunsa, tsatsa kuma tana can ƙasan ƙofa tana kalaci. Kayan gyara sai an yi cigiya ƙasa-ƙasa, in an samu kuma farashin ya sa ka salati.

Samfurin 1979 har shugaban Italiya Sandro Pertini ya shiga, bai kuma yi kuka ba. To ina zai yi kuka, gwamnati ke biyan bakanike?